Bayit ɗaya a ƙarshen kowane layi, da yadda ya hargitsa mana neman kaya a shago

Ni aikina a shagon kago ne a nan Jidda, muna karɓar kayan alhazai da na 'yan Umara da na mutanenmu mazauna, mu auna mu ɗaure mu tura Kano ko Yamai ko duk inda mai kaya ya ce, kuma tunda an san na yi karatun kwamfuta duk abin da ya shafi na'ura ni ake kira. Wannan karon matsalar ba ta a kashe a kunna ba ce, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda na bi ta daki-daki, don na tabbata akwai yaranmu masu koyon yaren kwamfuta na C ko Python da za su yi karo da irinta wata rana.

Tsarin da muke amfani da shi mai sauƙi ne. Akwai fayil guda na rubutu, kowane layi kaya ɗaya: lambar rasit, sunan mai kaya, garin da za a kai, sai nauyi a kilo, an raba su da waƙafi. Sai wata 'yar manhaja da aka rubuta da C tun kafin in zo shagon, aikinta ta bi fayil ɗin daga sama zuwa ƙasa ta rubuta inda kowane layi ya fara a wani ƙaramin fayil na daban, wato jadawalin matsayi, ta yadda in mutum ya zo da rasit ba sai an sake karanta komai daga farko ba, kawai a duba jadawali a yi tsalle da fseek, umarnin C na matsawa cikin fayil, zuwa wurin a karanto layin. Shekaru tana aiki lafiya lau a kan wata tsohuwar kwamfuta mai Linux da ke bayan shago. Da kwamfutar ta fara gajiya sai Alhaji mai shagon ya sayo sabuwa mai Windows aka ajiye a kan kanta, aka sake harhaɗa manhajar a can, fayil ɗin kuma aka riƙa gyara shi da Excel ana ajiyewa a matsayin CSV, wato rubutun da aka raba da waƙafi. To daga nan ne abu ya fara.

Lokacin kuwa bayan saukowa daga Arfa ne, shago cike, wannan na cewa jirginsu gobe, wancan na neman a tabbatar masa jakarsa ta shiga. Yaron da ke kan kanta ya kira ni ya ce Yaya zo ka gani, in na buga rasit wani lokaci ba abin da ke fitowa, wani lokaci sai wata lamba guda ɗaya kawai, wani lokaci kuma guntun sunan wani da garinsa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wata Hajiya da ta zo da rasit ɗinta, aka buga, sai ga cikakken layi ya fito tsaf ba tsagewa ba komai, amma na wani mutum ne daban mai kai kaya wani gari daban. Da ba don ta iya karatu ta leƙa ta ce a'a ɗan nan wannan ba sunana ba ne, da shi kenan an ba ta labarin kayan da ba nata ba. Guntun layi kowa zai gane akwai matsala, amma cikakken layi na wani mutum ba wanda zai yi zargi, kuma a harkar kago amana ce duk jarin. Alhaji ya ce a koma littafi da biro har sai an gano, kuma gaskiyarsa.

Da dare bayan Isha'i da aka rufe na zauna da ita. Abu na farko da na yi shi ne na daina buga rasit barkatai, na bi su a jere daga layin farko. Layi na 1 ya fito daidai. Na 2 ya fito fanko. Na 3 ma fanko. Na 4 ya fito da lamba ɗaya tak, 3, da na duba sai na ga layi na uku nauyinsa kilo 23 ne, ashe ukun ƙarshen nan ce ta fito. Na 5 ya fito da lambobi biyun ƙarshe na layi na huɗu. Na 6 ya fito da waƙafi da lambobi biyu. Kai ka ga tsari ai, kowane layi manhajar tana sauka baya da inda ya kamata, kuma tazarar tana ƙaruwa da ɗaya ɗaya. A layi na 1000 za ta sauka bayit 999 kafin wurin (bayit shi ne gurbin harafi ɗaya na boko a fayil), in layi yana da tsawon harafi hamsin ko sittin ka ga an koma baya da mutum goma sha wani abu, kuma duk sanda lissafin ya faɗa daidai kan farkon wani layi sai ya fito cikakke kamar na Hajiya.

Sai na buɗe rubutun manhajar na nemi inda ake gina jadawalin. Ana buɗe fayil da fopen da "r", wato yanayin rubutu, ana karanta layi da fgets, sannan a ƙara strlen na layin, wato tsawonsa, a kan jimillar da ake riƙe da ita. Wato manhajar da kanta take ƙirga bayit nawa ta wuce. A Linux wannan lissafin ba shi da aibu ko kaɗan, abin da ke diski shi ake miƙo maka. Na ɗauko fayil ɗin na buɗe shi da HxD, manhajar da ke nuna kowane bayit da lambarsa a tsarin ƙirga na heks, in ga ainihin abin da ke ciki, na je ƙarshen layin farko, bayan 32 33 na nauyi, wato 2 da 3, sai ga 0D 0A, wato 13 da 10 a ƙirgen yau da kullum. Bayit biyu. Na sa manhajar ta buga min lambar kowane harafin da fgets ya ba ta, a ƙarshen layi 10 kawai ta gani, 13 ɗin ya ɓace a hanya.

Ga wanda bai san daga ina wannan ya samo asali ba: a tsoffin na'urorin buga saƙo na teletayif, sauka sabon layi motsi biyu ne, kan bugawa ya koma farkon layi, takarda kuma ta matsa sama. Kowane motsi da lambarsa a tsarin ASCII da ya fito a 1963, CR, komawa farkon layi, lamba 13 ce, LF, matsawar takarda, lamba 10. Unix ta zaɓi LF kaɗai, Linux ta gada. CP/M ta riƙe biyun, MS-DOS ta ɗauka a 1981, Windows ta taho da shi har yau. Tsofaffin Mac kuma CR kaɗai suke sawa kafin zuwan Mac OS X a 2001. Shi kuma yaren C a Unix aka haife shi, duk wanda ya rubuta manhaja da shi yana sa ran layi ya ƙare da \n guda, wato LF, to don kada komai ya karye a DOS da Windows sai aka sa laburaren C ya riƙa fassara a ɓoye: in ka buɗe fayil a yanayin rubutu, wurin karatu ya mayar da CR LF zuwa LF, wurin rubutawa ya mayar da LF zuwa CR LF. Niyyar mai kyau ce, kuma in karatu kawai kake daga sama zuwa ƙasa ba za ka taɓa jin komai ba. Amma fseek ba ya bin wannan fassarar, shi da bayit ɗin diski yake aiki. Manhajarmu tana ƙirga abin da aka riga aka tace, tana tsalle a cikin abin da ba a tace ba. Ɗan hakin da ka raina kenan.

Wannan kuma shi ya bayyana min layukan fanko na 2 da na 3, wanda sai da na gane su hankalina ya kwanta cewa na kama bakin zaren gaba ɗaya. A layi na 2 an sauka baya da bayit ɗaya, kan LF ɗin layin farko, fgets ya karanta shi ya ce layi ya ƙare. A na 3 an sauka baya da biyu, kan CR LF na layi na biyu, nan ma layi ya ƙare ba tare da komai ba. Sai daga na 4 ake fara cin naman layin baya.

Mataki na gaba da kowa zai fara tunani shi ne a daina ƙirga da hannu a tambayi ftell, tunda aikinsa kenan ya faɗi inda ake a fayil. Na canza, kafin kowane fgets a kira ftell a ajiye amsar. Na gwada a fayil ɗin Jidda komai ya dawo daidai. Washegari da safe aka turo bayanan reshenmu na Makka, wanda ke wajen Shari'a Mansur, su can ta wani ɗan shafi suke shigar da nasu wanda ke zaune a kan sabar Linux, aka liƙa su a ƙasan babban fayil kamar yadda aka saba. Rasit ɗin Jidda suna fitowa daidai, na Makka kuma suka kama sauka a tsakiyar layi, sannan wannan karon tazarar ba ta da tsari mai kyau irin na jiya, ta ƙaru ta ƙaru sai kuma ta koma ƙasa ta sake farawa.

Na buɗe fayil ɗin da Notepad++ na kunna nuna duk alamomi. Sama duk layi ya ƙare da baƙaƙen akwatuna biyu, CR da LF, ina gangarowa sai na iso inda na Makka suka fara, daga nan akwati ɗaya ne, LF kawai, har ƙasa. Fayil ɗaya, ƙarshen layi iri biyu. A ido a Excel ko a Notepad ba za ka ga bambanci ba sam, musamman tunda Notepad ma ya koyi nuna fayil mai LF daidai tun sabuntawar Windows 10 ta 2018, da can da a dunƙule zai nuna su a layi ɗaya ka gane da wuri.

Me ya sa ftell ya ruɗe? Nan na ɗan jima ina karatu. Laburaren ba ya zuwa diski don kowane harafi, yana ɗebo tari guda ya zuba a ma'aji, kuma kafin su isa ma'ajin an riga an cire CR. In ka tambayi ftell ina nake, abin da ya sani tabbas shi ne inda ɗibarsa ta tsaya a diski, sauran sai ya yi lissafi da baya, yana ƙirga LF ɗin da ke cikin ma'aji yana ɗauka kowanne a diski yana tare da CR ɗinsa. In fayil ɗin CR LF ne zalla lissafin ya yi daidai. In LF ne kaɗai sai ya ƙara bayit ɗin da babu su, kuma duk sanda aka sake cika ma'aji sai kuskuren ya fara sabon zagaye, shi ne hawa da saukar da na gani.

Ita ma ƙa'idar yaren C, tun ta 1989, ba ta yi wa kowa alkawarin abin da muke zato ba. Abin da ta tanada shi ne a fayil ɗin da aka buɗe a yanayin rubutu, lambar da ftell ya bayar ba lalle ce ƙirgen haruffa ba, amfaninta kawai ka mayar wa fseek ita yadda take don ka koma wurin, kuma in ka debe wata daga wata ba lalle ka samu adadin abin da ka karanta ba. fseek ma a wannan yanayi ko dai ka ba shi sifili, ko lambar da ftell ya taɓa ba ka tare da SEEK_SET, wato a ƙirga daga farkon fayil. Duk wani ƙari ko ragi da ka yi da kanka ka fita daga abin da aka lamunce maka. Wallahi ina ganin wannan ya kamata a riƙa faɗa wa ɗalibi tun ranar da aka koya masa fopen, domin yawancin darussan da ke yawo a intanet a Linux aka gwada su, inda "r" da "rb" duk abu ɗaya ne, yaro ya kwafa ya kai Windows ya rasa me ke damunsa.

Wani abokina da muke hira da shi a WhatsApp ya ce Malam ai sauƙi ne, ka bi fayil ɗin da unix2dos kowace safiya duk su koma CR LF shi kenan. Zai yi aiki, ban musa ba, amma ban yarda da shi a matsayin magani ba. Ranar da ba na nan fa, ko ranar da yaro ya manta saboda cunkoso? Manhajar za ta ci gaba da aiki ba tare da ta yi ƙorafi ba tana nuna kayan wani a sunan wani. Na fi son gyaran da ko wane irin fayil aka kawo ba zai dame ta ba.

Abin da na yi shi ne na buɗe fayil ɗin da "rb", wato yanayin bainari. A yanayin bainari ba fassara, abin da ke diski shi za ka gani, ftell da fseek da ƙirgenka duk harshe ɗaya suke magana. fgets har yanzu yana tsayawa a LF, don haka yana raba layukan daidai ko da CR ko babu. Sai na ƙara ɗan aiki bayan an karanto layi kuma an riga an ajiye matsayinsa: a duba ƙarshensa, in LF ne a cire, in abin da ya rage ya ƙare da CR shi ma a cire. Wannan cirewar dole ce, in ba haka ba nauyi zai zama "23" da CR a manne, in ka buga shi a allo sai alamar rubutu ta koma farkon layi abin da ya biyo baya ya hau kan na farko, in kuma ka kwatanta shi da "23" a ce maka ba ɗaya ba ne alhali idonka na ganin ɗaya ne.

Ina cikin wannan sai na lura shi kansa fayil ɗin jadawali da "w" ake rubuta shi, ga shi kuwa lambobi ne ake zubawa da fwrite, bayit huɗu huɗu, ba rubutu ba. Wannan wani rami ne da ke jira. Duk matsayin da ya ƙunshi bayit mai darajar 10, misali 266 wanda a heks 01 0A ne, ko 2570 wanda 0A 0A ne, Windows zai ɗauka sabon layi ne ya cusa 13 a gabansa, bayit huɗu su zama biyar ko shida, duk abin da ke bayansa ya goce. Sannan wurin karatu a yanayin rubutu in aka ci karo da bayit mai darajar 26, wato Ctrl-Z, sai a ɗauka fayil ya ƙare, gadon CP/M da DOS ne shi ma. Na mayar da su "wb" da "rb". Haka wurin da ake ƙara sabon kaya a babban fayil na sa shi bainari na rubuta CR LF da hannuna, domin in ka rubuta \r\n a yanayin rubutu abin da zai sauka a diski CR CR LF ne, Excel ya riƙa nuna maka layi fanko tsakanin kowane biyu.

Saura abu ɗaya da ya fito a gwaji. Rasit ɗin layin farko ya daina samuwa bayan wani ya ajiye fayil ɗin da zaɓin CSV UTF-8 na Excel (UTF-8 tsarin ajiye haruffan kowane harshe ne), wanda dole muke amfani da shi saboda sunayen da ake rubutawa da Larabci. HxD ya nuna EF BB BF a farkon fayil kafin lambar rasit, alamar da Excel ke sawa don a gane UTF-8 ne. Na sa in an ga waɗannan ukun a farko a fara layin farko daga matsayi na 3.

Kafin in ce wa Alhaji an gama na rubuta ɗan gwaji wanda ke bin duk jadawalin, ya yi tsalle zuwa kowane matsayi, ya tabbatar bayit ɗin da ke gabansa LF ne in ba layin farko ba, kuma lambar rasit ɗin da ke wurin ita ce wadda aka nema. Na gwada shi a fayil mai CR LF zalla, da mai LF zalla, da gauraye, da wanda layinsa na ƙarshe ba shi da ƙarshen layi kwata-kwata. Kuma na bar wannan binciken na rasit a cikin manhajar kanta: duk sanda aka nemo layi, in lambar da ta fito ba ita aka buga ba, ba za ta nuna komai ba sai jan rubutu cewa a sake gina jadawali. Alhaji da na nuna masa bai tambayi CR ko LF ba, abin da ya ce kawai to yanzu in ta ruɗe za ta faɗa? Na ce za ta faɗa Alhaji. Ya ce madalla, a ajiye littafin amma kada a jefar.

Ƙanina da ke koyon Python a Madina da na ba shi labari ya ce su ai ba su da wannan matsalar. Suna da ita, sai dai Python ya fi saurin tsawatarwa. open a yanayin rubutu yana mayar da CR LF zuwa \n shi ma, har a Linux, don haka tara len na layuka zai ba ka irin gocewar da muka gani, ga kuma ƙari cewa len yana ƙirga haruffa ne ba bayit ba, alhali a UTF-8 kowane harafin Larabci bayit biyu ne, haka ma ƙ da ɗ da ɓ namu. tell a yanayin rubutu lamba ce da aka ce kada ka yi lissafi da ita, in kana cikin zagayen for a kan fayil ka kira shi ma kuskure zai jefo maka, seek kuma ba zai yarda ka matsa gaba ko baya da wani adadi daga inda kake ba. Na ce masa in jadawalin matsayi zai gina ya buɗe da "rb", ya karanta da readline, ya ajiye tell kafin kowane layi, sai bayan nan ya yi decode ya share ƙarshen. In kuma CSV zai karanta ko ya rubuta da laburaren csv ya sa newline='' kamar yadda takardun Python suka ce, in akwai alamar Excel ɗin nan a farko ya yi amfani da utf-8-sig. Ya turo min nasa da daddare na duba, ya manta yanayin layin ƙarshe da ba shi da LF, na nuna masa ya gyara.